Zare Biyu a Hoton Baba Rula

Ranar Talata aka yi wa Yaya tiyata, ranar Laraba da safe abin da aka cire mata ya iso wurin aikinmu cikin farin bokiti mai murfi. Na gan shi a kan teburin karɓa tsakanin wasu bokitai goma. Na karanta lambarsa, na karanta sunanta a ƙasan lambar, na wuce na rataye jakata. Na ɗan tsaya gaban ƙusar ina jira in ji wani abu a zuciyata. Da bai zo ba sai na sa farar rigata.

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki. Duk abin da likitan fiɗa ya yanko daga jikin mutum, wurinmu ake kawo shi. Ba ma ce masa nama, samfuri muke cewa. Sai mu auna shi, mu shafa wa kowane gefensa tawada mai launi daban, mu ɗauki hotonsa, sannan mu yayyanka shi mu fitar da ɓantare sirara kamar ɓawon albasa mu ɗora a gilashi. Shugabarmu, wadda kowa ke kira Dokta, ita take duba gilasan a madubin likita. Idan ta ga cuta ta tsaya nesa da tawada, an cire ta duka ke nan. Idan kuwa ta taɓa tawada, to akwai saura a jikin mai ita, a wannan gefen da launin yake nunawa.

Shekara goma sha huɗu Yaya ta ba ni. Malamar lissafi ce, kuma a hannunta na tashi. Ƙari aka samu a mamanta na hagu. Likitan fiɗa ya ce zai cire ƙarin kaɗai da ɗan abin da ke kewaye da shi, idan gefe-gefen sun fito lafiya za a bar mata sauran. Ranar da muka fito daga ofishinsa ta tsaya a bakin matakala tana gyara mayafi.

“Auta, ni ba mutuwa nake tsoro ba,” in ji ta. “Wanda bai mutu da wannan ba zai mutu da wancan. Amma ina so in tafi da kayana cikakku yadda aka ba ni. Kin ji ko?”

Na ce na ji. A takardar asibiti ma sunana ta rubuta, ta ce duk abin da aka gani a faɗa mini, tunda ni ce mai jin yarensu.

Dokarmu ita ce ma'aikaci ba ya taɓa samfurin ɗan'uwansa. Don haka a ranar Dokta ta ɗauke ni daga teburin yanka ta mayar da ni wurin rina gilasai, ta ba Baba Rula aikin. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a ɗakin nan. Akwai wata rular ƙarfe da ba ta barin aljihunsa, kuma ba ya ɗaukar hoton komai sai ya shimfiɗa ta a gefe, daga nan ya samo sunan. Ni kuma Tabarau yake ce mini.

Baba ba ya shiri da sabuwar kyamarar da aka rataya mana a saman teburi. Feda uku gare ta a ƙasa. Ka taka ta dama, hoton ya zuƙo kusa a kan allo. Ka taka ta hagu, ya koma nesa. Ta tsakiya ita ce mai ɗauka. An yi haka ne don kada mu taɓa kyamara da safar hannu mai jini da famalin, ruwan da ake jiƙa samfuri a ciki don kada ya ruɓe. Ni ina son ta, don kafin zuwanta sai in cire safa sau goma a kan samfuri ɗaya. Shi kuwa Baba cewa yake, “Ni ɗinki aka ɗauke ni ko yanka? Ƙafa ta tafiya ce.” Sai ya taka ta tsakiya sau ɗaya kamar mai kashe kyankyaso, ya ci gaba da aikinsa. Hotunansa duka daga nesa suke, har da famfo da kwandon shara a ciki.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina tashi, in je aiki, in rina gilasai, da la'asar in biya gidan Yaya in wanke mata ciwon in sake mata bandeji. Kullum sai ta ce, “Sakamakon ya fito?” In ce, “Sai ya yi mako.” Ta ce, “Ku dai akwai jan rai. Ni ɗalibai sittin nake duba wa jarabawa a kwana biyu.” Ina cin abinci, ina barci lafiya lau. Har kunyar kaina na riƙa ji saboda barcin.

Ranar Litinin wajen sha ɗaya Dokta ta aiko a kira ni. Na tarar da Baba a tsaye a ofishinta yana juya rularsa a hannu, abin da ban taɓa gani ba, don shi in ya shiga ofis zama yake yi tun ba a ce ya zauna ba.

“Rufe ƙofa ki zauna,” in ji Dokta. “Yayarki ta ba da izini a yi miki bayani, shi ya sa na kira ki. A matsayin ƙanwa na kira ki, ba ma'aikaciya ba.”

Na zauna na ɗora hannuwana a gwiwa.

“Gefe biyar lafiya suke. Ɗaya ne cutar ta taɓa tawada. Shuɗiya.”

“To,” na ce. Na san ma'anarsa. Za a koma a ɗan ƙara yanko wannan gefen, shi ke nan. Ba daɗi, amma ba a rasa komai.

“Matsalar ita ce ban san ina ne shuɗi ba.”

Ta turo mini takardar da Baba ya cike. Likitan fiɗa, idan ya ciro ƙari irin wannan, yakan ɗaura masa zare biyu don mu san yadda yake kwance a jiki: gajeren zare yana nuna sama, dogon zare yana nuna wajen hammata. Da su muke gane gefe, mu shafa tawada, mu rubuta wane launi ne wane gefe, sannan mu cire zaren mu yanka. Da zarar an yanka, takardar ce kaɗai ta rage. A takardar Baba an rubuta, da kyakkyawan rubutunsa, shuɗi wajen hammata, kore wajen tsakiyar ƙirji. A sama kuma, inda ake zagaye hagu ko dama, ya zagaye dama.

“Na hagu ne,” na ce.

“Na hagu ne,” in ji Dokta.

Baba ya yi gyaran murya. “Uku na yi kafin shi a ranar, duka na dama. Hannuna ya saba, shuɗi a hagun teburi, kore a damansa. A na dama, hagun teburi shi ne hammata. To ban sani ba, 'yata. Ko na bi zaren na shafa daidai, alƙalami ne kawai ya zagaye dama. Ko kuma hannu ne ya yi abin da ya saba, na rubuta abin da na saba. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Idan na ce miki na tuna, ƙarya na yi.”

Bai taɓa ce mini 'yata ba. Na lura da wannan, na kuma lura akwai ɗigon jar tawada a takalminsa na hagu.

Dokta ta ce ta riga ta yi magana da likitan fiɗa. Ya ce shi ba ya yanka a kan wataƙila. Idan aka ƙara yanko gefe biyun, abin da zai rage ba shi da yawa, don haka idan ba mu ba shi tabbaci ba kafin zaman likitoci na ranar Laraba, shawararsa ita ce a cire duka a huta.

A cire duka. Na maimaita a raina sau biyu ko zai shige ni. Ya tsaya daga waje kamar baƙon da ba a yi wa iso ba.

“Hoton fa?” na ce.

Dokta ta juyo mini da allonta. Ga teburin nan gaba ɗaya, ga famfo, ga kwalaben tawada a jere, ga kwandon shara. A tsakiya wani ɗan dunƙule bai fi kan babban yatsa ba, da rula a gefensa. Ta ce ta yi ƙoƙarin faɗaɗa shi, sai ya dagule kamar an zuba masa ruwa.

“Wannan ƙaramin kwafi ne,” na ce. Muryata ta fito a hankali, sai da na sake faɗa. “Wanda ke shiga rahoto ƙarami ne, don kada ya yi nauyi. Uwar hoton tana kwamfutar ɗakin yanka. Ba a goge ta sai bayan wata uku.”

Suka dubi juna. Dokta ta cire tabaranta ta murza ido.

“Shekara guda da kawo na'urar nan, ba wanda ya gaya mini?”

“Yana cikin littafinta. Shafi na arba'in da biyu.”

“Wa ke karanta littafin na'ura, fisabilillahi?” in ji Baba.

“Ga ta nan zaune,” in ji Dokta. Ta miƙe. “Ba za ki taɓa samfuri ba. Linzamin kwamfuta kaɗai za ki riƙe, ni zan duba, ni zan yanke hukunci. Za ki iya?”

Na ce zan iya.

Ɗakin yanka yana da sanyi, fankar zuƙe wari tana ta gurnani. Na ja kujera gaban kwamfutar, na rubuta lambar da na haddace tun ranar Laraba ba tare da na yi niyya ba. Hoton ya ɗan jima kafin ya buɗe. Iri ɗaya ne da na ofishin Dokta. Na zuƙo shi ninki biyu, famfo da kwandon shara suka fice. Na zuƙo ninki huɗu, dunƙulen ya cika rabin allo, kuma bai dagule ba. Ana ganin kitse rawaya-rawaya, ana ganin inda shuɗi ya haɗu da kore, har da ƴan layukan milimita a jikin rular Baba.

“La'ilaha illallahu,” in ji Baba a bayana. “Duk wannan a ciki yake?”

Jikin Yaya ne nake kallo, wanda ta goya ni a bayansa. Na faɗa wa kaina haka. Amma abin da idona yake gani samfuri ne mai santimita biyar da rabi, an shafa masa tawada da kyau, ba inda launi ya hau kan launi. Baba gwani ne wajen shafi.

“Zaren baƙi ne, ƙasan kuma baƙar tawada ce,” in ji Dokta. “Nemo mini ƙulli. Fara daga sama.”

Na ja hoton a hankali. A ninki takwas muka sami ƙulli na farko, yana zaune cikin tawada ruwan ɗorawa, jelarsa ta lanƙwashe ta shige bayan kitse. Na gangara ta gefen shuɗi, na bi shi tun daga sama har ƙasa. Babu komai. Na tsallaka gefen kore. Can kusa da tsakiya ga wani abu baƙi kamar ƙuda ya sauka.

“Tsaya nan. Ƙara.”

Na ƙara zuwa goma sha shida. Abin ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai masu toka-toka.

“Koma takwas,” in ji Dokta. “Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, kada mu ƙirƙira mata shi da idonmu.”

A takwas ƙulli ne, babu shakka, da ɗaurin likitan fiɗa mai hawa uku. Yana cikin kore.

Baba ya ja numfashi. “To ai shi ke nan. Na juya su.”

“Ba shi ke nan ba,” in ji Dokta. “Ƙulli biyu muka gani, ba mu ga tsawo ba. Idan na cikin koren ne gajere, to kore sama ne, shuɗi ya zama ƙasa. Kai da ba ka tuna hagu da dama ba, zan yarda ka tuna yadda ka kwantar da shi?”



Jelar zaren koren ta bi jikin samfurin ta manne, baƙi a kan baƙi, ta shige ƙarƙashi. Na bi ta har inda ta ɓace. Na ƙara hasken hoton kaɗan. Na ja zuwa ƙasa, inda samfurin ya taɓa farin katakon yanka, na bi bakin inuwarsa kamar mai neman allura a tabarma. Wuyana ya ƙage. Wani ya leƙo ya tambayi makullin sito, Dokta ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba.

A dab da rular, tsakanin lamba uku da huɗu, wani siririn layi ya fito daga ƙarƙashin inuwa ya kwanta a kan farin katako. Ya ɗan bar sawun kore a inda ya ja jiki.

Dokta ta sunkuyo har ina jin numfashinta a kunnena. Ta sa na auna daga ƙullin zuwa inda zaren ya shige, da kuma wanda ya fito, da layukan rular da ke cikin hoton. Ko ba a lissafa abin da ke ɓoye a ƙasa ba, ya haura santimita uku. Muka koma kan na ruwan ɗorawa, muka zagaya bayan kitsen, muka sami bakinsa a yanke, bai kai santimita ɗaya ba.

“Dogo yana cikin kore,” in ji ta. “Kore hammata. Shuɗi tsakiyar ƙirji.” Ta miƙe ta dafa ƙugu. “Ajiye mini waɗannan hotuna guda huɗu yadda suke a zuƙe, da babban a gefensu. Zan kira wani likitan ya duba kafin in sa hannu.”

Na ajiye. Ta fita da wayarta a kunne.

Muka rage ni da Baba da gurnanin fanka. Ya jawo kujera ya zauna.

“Da ban zagaye dama ba,” ya ce, “da ba wanda ya yi tambaya. Da an bi takardata an yanko mata hammata, an bar cutar tana zaune.”

“E.”

“Kuskure ɗaya ya tona ɗaya.” Ya yi wata ƴar dariya marar daɗi. “Zage ni mana, Tabarau. Wallahi ya fi mini sauƙi.”

Na duba cikina ko akwai zagi, ban samu ba. Na ce, “Rularka ta taimaka.”

Ya daɗe yana kallon fedojin nan uku a ƙarƙashin teburi. “Wacce ce mai kawowa kusa?”

“Ta dama.”

Ya miƙa ƙafa ya taka. Farin katakon da babu komai a kansa ya taso ya cika allon sama, har ana ganin tsoffin sawun wuƙa. Ya ɗaga ƙafar da sauri.

“Rahoton kuskure zan rubuta da hannuna,” ya ce. “Kada Dokta ta ba wani.”

Ranar Laraba da rana Dokta ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin rini ta ce likitan fiɗa ya yarda, zai ƙara yanko gefen tsakiya kawai, ranar Talata mai zuwa. Ta ce shi zai kira Yaya gobe, amma idan ina so in riga shi, ba laifi. Na gode mata na ƙarasa gilasan da ke hannuna, saura tara.

Na sami Yaya a falo, ta baza takardun ɗalibai a kan cinya tana duba su da hannu ɗaya, duk da makaranta ta ba ta hutu. Ta dube ni ta saman tabarau.

“Wannan fuskar taki, ko biki ko makoki duk ɗaya. Ya fito?”

“Ya fito.”

Ta rufe jan alƙalaminta. Na zauna a bakin kujera na yi mata bayani daga farko, da tawadar, da zaren, da takardar Baba, da hoton. Na san ina tsawaitawa, amma na kasa tsallake komai. Ta bar ni har na kai wurin ninki goma sha shida.

“Auta. Za su cire duka ko ba za su cire ba?”

“Ba za su cire ba. Ɗan gefe za su ƙara.”

“Kamar yaya?”

Na nuna mata faɗin yatsa ɗaya.

“Ta ina?”

Na nuna a ƙirjina. Ta sa hannu a nata, a saman bandejin, ta ɗan danna wurin kamar mai duba ko ƙwai ya dahu.

“Wato sai sun sake kwantar da ni.”

“Ranar Talata. Bayan nan kuma akwai gashin wurin da na'ura, kamar yadda likitan ya faɗa tun farko.”

“Shi tsohon naku da ya juya hagu da dama, shekararsa nawa a aiki?”

“Talatin da ɗaya.”

“Ki kawo mini shi aji uku, akwai kujera.” Ta yi tsaki. Na ga haɓarta tana rawa, sai ta ɗaga takardar wani ɗalibi ta kare fuska da ita, ta daɗe a haka. Ni kuma ina zaune ina karanta bayan takardar, inda yaron ya raba ɗari da arba'in da huɗu gida goma sha biyu ya samu goma sha ɗaya.

Da ta sauke takardar ta share hanci da gefen mayafi.

“Ke ba za ki yi kuka ba?”

“Ban sani ba. Wataƙila gobe.”

“To kafin goben tashi ki tsefe mini kan nan. Hannun ba ya ɗaguwa, kuma ba zan shiga wurin mutanen nan da kitson wata guda ba.”

Na ɗauko tsinke da man kitso a kan madubi. Ta zame ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta jingina gefen da ba ciwo a gwiwata, na fara daga ƙeya.